Gurbin Sama

Ranar da na sayo SSD ɗin nan, sabuwar ma'ajiyar kwamfuta, Injiniya ya jefe ni da kofi. Da hannun hagu ya yi jifan, wanda ya rage masa, kuma bai kuskure ba. A kafaɗa ya same ni, ruwan ya jiƙa mini riga sharkaf. Mutumin da tun aurenmu ko murya bai taɓa ɗaga mini ba, wai yau shi ne da jifa.

Injiniya mijina ne. Ba injiniyan gada ko na jirgi ba ne, gyaran kwamfuta yake yi, amma sunan ya bi shi tun kafin in san shi, har ni ma bakina ya saba. Shi yana gaban shago yana gyara, ni ina bayan labule ina haɗa bidiyo: darussan makarantu, tallan masu sabulu, duk abin da Allah ya kawo. Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki sukudireba a ƙasa, bai miƙe ba. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Ɓarin dama ya tafi, magana ta bi shi. Kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa: "wannan". Yunwa, wannan. Fitsari, wannan. Ka gaishe shi, wannan. Mutumin da a da in ya fara yi maka bayanin fankar kwamfuta sai ka nemi kujera ka zauna.

Muka rufe shago. Na sa aka kwaso mini kwamfutar aikina, wadda shi ya haɗa mini da hannunsa, aka girke ta a falo kusa da gadon da muka sa masa a can, don in riƙa aiki idona na kansa.

Wansa, wanda duk dangi ke kira Yaya Babba, ya riga ya yanke hukunci. Ƙarshen mako zai zo da mota ya tafi da shi gidan mahaifiyarsu, can nesa, inda akwai ƙanne maza da za su riƙa ɗaga shi suna kwantarwa. Can babu asibitin da ake koya wa irinsu magana. Ni kuma ba halin in bi su in tare, don aikin da ke ciyar da mu yana sayen magani a nan yake. Hujjar Yaya Babba biyu ce. Ta farko ciwon bayana. Tun ranar da Injiniya ya suɓuce mini a banɗaki na yi ta maza na ɗago shi ni kaɗai, wani abu ya yi ƙas a ƙuguna, har yau da bel ɗin asibiti nake yawo a ƙarƙashin riga. Hujja ta biyu ita ce mai zafin.

"Amarya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," in ji shi, yana tsaye a kan gadon ƙaninsa. Har yau Amarya yake ce mini, duk da furfurar da ta fara leƙo mini. "Yaron nan ba ya nan. Gangar jiki kike jinya. Ko ina aka kai shi, ɗaya ne a wurinsa."

Na so in ƙaryata shi, amma da me? Malamar da ke koya masa magana takan ce ya ɗaga hannu, wani lokaci ya ɗaga, wani lokaci ya zuba mata ido kawai. Ta ce ita ma ba za ta rantse ba. Ni da nake kwana da tashi da shi, wallahi ban sani ba. In na kalli idonsa sai in ga kamar mijina na leƙowa daga ciki, anjima in duba in ga babu kowa. Abin da nake nema ke nan kafin motar ta zo, shaida guda ɗaya da zan ajiye a gaban Yaya Babba in ce ga shi, yana nan, ku bar mini mijina. Na rasa.

To, batun kofi. Kwamfutar ta daɗe tana tafiyar hawainiya. In jawo bidiyo zan yi aiki a kansa, sai in je in dafa shayi in dawo in same ta tana nan tana tunani. Na je wurin Dogo, mai sayar da kayan kwamfuta a layin tsohon shagonmu. Ya miƙo mini wani ɗan siririn abu kamar cingam, ya ce wannan ita ce ma'ajiyar zamani, SSD, gudunta ya ninka na tsohuwar tawa ba adadi. Ya ce in kawo kwamfutar ya sa mini. Na ce a'a, da wane bayan zan ɗauko akwati in hau mota? Kuma ni fa matar Injiniya ce, na sha ganin ana yi.

Na dawo na kwance murfin akwatin a falo. A kan madabod, babban allon nan da komai ke manne a jikinsa, na hango gurbi can ƙasa-ƙasa, a fili, babu abin da ya tare shi. Na zura, ta shige lafiya lau. Ina cikin ɗaure ɗan notin da ke riƙe ta, Injiniya ya fara.

"Wannan! Wannan!"

Yana dukan katifa. Na miƙa masa ruwa, ya kau da kai. Na kawo tasar fitsari, ya ture. Na juya shi, na gyara matashi, na ɗaga bargo na duba ko wani abu ne ya cije shi. Shi dai yana ta miƙa hannu sama-sama wajen teburin da kwamfutar ke kai, ni kuma na ɗauka taga yake so a buɗe. Na buɗe. Na sake miƙa masa kofin, shi ne ya karɓa ya jefe ni.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "To sannu da ƙoƙari! Abin da ya rage ke nan. In wanke ka, in shafe ka, sannan in sha jifa." Na shige ɗaki na canza riga, na zauna bakin gado na yi kuka mai isata. Ba jifan ne ya fi ci mini rai ba. Tunani ne ya zo mini cewa ƙila Yaya Babba ya yi gaskiya, don mijin da na sani ba zai jefe ni ba.

Bayan duk wannan, ita ma kwamfutar ba ta share mini hawaye ba. Ta ɗan motsa, ban ce a'a ba, amma ina gudun da Dogo ya cika ni da shi? Manyan bidiyo suna nan suna cijewa a tsakiya. Washegari na roƙi maƙwabciyata ta zauna mini da Injiniya, na ciro abar na jefa a jaka, na nufi shagon Dogo a cike fam.

Shagon ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Wayoyi na reto daga sili, matattun kibod jibge a kwali, ga ƙaurin darma. Na same shi yana cin biskit a kan wata buɗaɗɗiyar laftof ta mutane.

"Dogo, ni za ka sayar wa jabu? Don ka ga Injiniya a kwance?"

"Subhanallahi! Ni, Anti? Kawo in gani."

Ya karkaɗe hannu a wando, ya sa ta a tasa kwamfutar, ya danna wasu abubuwa, ya juyo mini da allon. Wani layi shuɗi ya taso ya cika kafin in gama gyara mayafina.

"Kin gani? Lafiyarta ƙalau. A wane gurbi kika sa ta?"

"Gurbi nawa ne? Inda ta shiga mana."

Ya dafe kai. "Kash! Ai ni na sayar wa Oga allon nan, na san shi. Gurbi biyu ne da shi. Bakinsu iri ɗaya ne, duk wanda kika zura za ta shiga kuma za ta yi aiki, shi ya sa yake cin mutane. Amma na ƙasan nan hanyarsa layi biyu ce, kuma sai ta zaga ta bi inda sauran kaya ke cunkoso kafin ta isa ƙwaƙwalwar kwamfutar. Na sama layi huɗu ne, miƙaƙƙe, babu kwana. Mota mai gudu kika saya kika sa ta a lungu, Anti."

"Ni ban ga wani gurbi a sama ba."

"Ba za ki gan shi ba. Yana ƙarƙashin wani dogon murfin ƙarfe, kusa da babbar fanka. Sai kin kwance noti biyu."

"A sama?" na ce.

"A sama. Allah sarki Oga, da yana da baki ai kafin ki ɗaure noti ya tsayar da ke. Ya tsani ya ga an sa a na ƙasa, har faɗa yake yi da kwastoma a kai."

Nan take na tuno Injiniya. Dogo yana ta zuba, ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba. Hannun nan nake gani yana miƙewa sama-sama, ni kuma ina buɗe taga kamar sakarya. Ban san lokacin da na karɓi abar na fito ba, ko sallama ban yi masa ba.

A mota na ja wa kaina kunne. Na san halina, in ina son abu sai in gan shi ko da babu shi. Don haka da na isa gida na sallami maƙwabciya, ban ce wa Injiniya uffan ba. Na zare wayar wuta, na ja akwatin a ƙasa har bakin gado, na jingina shi na tura shi kan ɗan ƙaramin tebur dab da hannunsa na hagu. Na ɗauko SSD ɗin na kai bakin gurbin ƙasa kamar zan zura.

"Wannan!"

Ya damƙe wuyan hannuna. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya ja hannun nawa sama har ya aza shi a kan murfin ƙarfen. Ya sake ni, ya sa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa noti na farko, sannan na biyu.

Na kwance su. Ga gurbin nan kwance a ƙasan murfin, sabo fil. Na zura, na danna, na ɗaure. Na ɗauko murfin zan mayar, sai ya sake riƙe ni. Na ce a raina shi ke nan, ashe riƙe-riƙe ne kawai irin na marar lafiya. Ya fizge murfin, ya suɓuce masa a kan bargo, ya juya shi da yatsu, ya shiga ƙarzar bayansa da farce. Akwai wani abu mai laushi kamar roba manne a bayan murfin, a kansa kuma wata 'yar siririyar leda wadda ko kusa ban lura da ita ba. Ya ƙarza, farcen ya zame. Ya sake, ya zame. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, bai daina ba har bakin ledar ya ɗago. Sannan ya dube ni.

Dogo bai faɗa mini wannan ba. Babu wanda ya faɗa mini. Da na kira shi daga baya ya ce ai kuwa, in ba a ɓare ledar ba abar zafi za ta ɗauka ta rage gudu da kanta, shi ne ya manta.

Na ɓare ledar, na rufe, na mayar da waya na kunna. Na jawo bidiyon nan da nake dafa shayi a kansa. Kafin in gyara zama ya wuce. Injiniya yana kallon allon, ɓarin bakinsa na hagu ya ɗan ɗaga, ya yi gyaran murya irin wanda yake yi in ya gama aiki kwastoma na tsaye.

Na durƙusa na kifa kaina a cinyarsa. Na yi murna, wallahi na yi, amma ba ta daɗe ba. Na tuna 'yan dubiya da ke zama a falon nan suna cewa ai gara mutuwa da irin wannan kwanciya. Na tuna Yaya Babba a tsaye a kansa. Na tuna ni kaina, ina zaune a gefen gadon nan ina waya da yayata, ina gaya mata yadda bayana ke hana ni barci, yadda na gaji. Duk yana kwance yana ji, da kalma ɗaya a baki. Na ɗago na ce, "Ashe kana ji, Injiniya?" Ya aza hannunsa a kaina ya bar shi a nan.

Ranar da za su zo, tun da safe na yi masa wanka na sa masa rigar da yake so. Na ciro SSD ɗin, na mayar da murfi na ɗaure, na jawo ɗan tebur bakin gado. Na ce masa, "Yadda ka yi mini, haka za ka yi musu. Kada ka ba ni kunya."

Yaya Babba ya shigo da ƙannensu biyu, ɗaya shi ne autansu, wanda kowa ke kira Auta duk da gemunsa. Ban bari sun zauna ba. Na ce kafin a taɓa shi su tsaya su ga wani abu. Yaya Babba mutum ne da ko saƙon waya sai an karanta masa, amma ya harɗe hannu ya ce bismillah.

Na kai abar gurbin ƙasa. Injiniya ya riƙe ni, ya ja ni sama, ya ƙwanƙwasa noti na farko, ya ƙwanƙwasa na biyu. Ni kuma ina ta bayani, bakina na harɗewa, layi biyu, layi huɗu, cunkoso, ƙwaƙwalwa. Ni kaina na ji yadda maganar take fita kamar ta mai zazzaɓi.

Auta ya ce, "Matar Yaya, ƙarfen fa ƙyalli yake yi. Ƙila shi yake jansa."

"Auta, rufe mini baki! Ka taɓa riƙe sukudireba a rayuwarka?"

Yaya Babba ya ɗaga masa hannu. Ya zo ya zauna bakin gadon, abin da bai taɓa yi ba tun da ciwon ya fara. Ya daɗe yana kallon ƙaninsa, shi ma yana kallonsa, ko ƙiftawa babu. Ya nuna gurbin ƙasa da yatsa ya ce, "Nan?" Injiniya ya ture yatsan da ƙarfi. Ya nuna murfin ya ce, "Nan?" Injiniya ya damƙe yatsan ya danna shi a kan ƙarfen.

Idon Yaya Babba ya kawo ruwa. "Astagfirullah," in ji shi. "Astagfirullah. Amarya, na yarda. Yana nan."

Daɗi ya rufe ni, ɗan notin SSD ɗin da nake riƙe da shi ya suɓuce ya faɗi ya gangara ƙarƙashin tebur. Na manta da kaina na sunkuya da sauri. Wayyo Allah! Kamar an soka mini ƙarfe mai zafi a ƙugu. Na yi ƙara na zube a gwiwa, na nemi tashi na kasa. Na dafa tebur, na kasa. Sai da su Auta suka kama ni hagu da dama suka ɗora ni a kujera, rigata ta ɗage, bel ɗin ya fito kowa na gani.

Yaya Babba bai dube ni ba. Ya riƙe hannun ƙaninsa ya ce, "Tunda kana ji, da kai zan yi magana. Likita ya gaya mata in ta ci gaba da ɗaga ka, ita ma kwanciya za ta yi. Ka ga da idonka. Ni ba zan ɗauke ka dole ba. Ka zauna, ko mu tafi?"

"Zan nemo mai taimako," na ce daga kujera. "Yaya, zan nemo."

"Mun nemo, Amarya. Wanda ya zo ko mako bai rufa ba."

"Zan koyi dabarar ɗagawa. Akwai yadda ake yi da zani, malamar ta ce za ta nuna mini."

Injiniya ya juyo da kai ya dube ni. Ya dubi fuskata, ya sauke ido kan bel ɗin, ya daɗe a nan. Ina ƙoƙarin jan riga in rufe, hannuna bai kai ba. Sannan ya zare hannunsa daga na Yaya Babba, ya ɗaga shi a hankali, ya saƙala a wuyan wansa.

"Injiniya, kada ka yi mini haka," na ce. "Ni ce fa na nuna musu kana nan! Can babu malama. Can babu wanda zai san abin da kake nufi, ruwa za su yi ta ba ka. Injiniya, dube ni mana!"

Bai dube ni ba. Hawaye na bin kuncinsa yana shiga kunne, amma hannun bai saki ba. Yaya Babba ya tallafo kafaɗunsa, ɗaya ƙanin ya kama ƙugu, Auta ya kama ƙafafu. Suka ɗaga shi cak, cikin sauƙi, abin da ni kan yi ina nishi ina kiran sunan Allah. Na dafa bango na miƙe, ina bin su a karkace. Ƙofar falonmu irin mai komawa da kanta ce, suka isa bakinta hannun kowa a cike.

Auta ya waigo, murya ƙasa-ƙasa. "Matar Yaya, don Allah ɗan riƙe mana ƙofa."

Na riƙe musu.